Soron Gidan Fatake: Littafin Aikinmu

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Ran Talatar da ta wuce wasu mutum biyu suka shigo lungunmu da tef na awo, suka zagaye gidan fatake suna rubuce-rubuce, ban da sallama ba su ce wa kowa uffan ba. Kafin magariba labari ya gama unguwa: magada sun sami mai saye, za a baje gidan a jera shaguna, bene hawa biyu. Daren jiya bayan isha'i muka zauna a dakalin masallaci, mu tara, aka ɗora mini rubuta duk abin da za a yi, wai ni malamin makaranta ne, hannuna ya saba da rajista.

Ga wanda bai san gidan ba, a cikin birnin Kano yake, tsakanin Kurmi da Dala. Ƙofarsa a lungu take, amma bayansa ya fita bakin titi tun lokacin da aka faɗaɗa hanya, abin da ya sa ya yi tsada ke nan. Wanda ya gina shi falke ne mai safarar goro daga Gwanja. Daga shi gidan ya koma hannun ɗansa, sannan jikansa, shi ma ya daɗe da rasuwa kuma har yau ba a raba gadon ba.

Mu ba duk gidan muke nema ba. Ɗakunan ciki sun riga sun sha bulo da kwano, babu abin da ya rage na da sai shigifa. Soron muke so a bari. Idan ka shiga sai ka ɗan sunkuyar da kai, sai sanyi ya tare ka ko da tsakar ranar bazara ce. Bakuna huɗu, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufi, sun taso daga jikin bango sun haɗu a can sama, an liƙa wani tsohon faranti mai ruwan shuɗi a mahaɗarsu. Tsakanin baka da baka azara ce a jere, layi ya karkata nan, na kusa da shi ya karkata can, kamar saƙar tabarma. A nan aka ɗaura auren iyayen rabin mutanen lungun nan, a nan ake zaman makoki, a nan na yi karatun dare ina yaro da fitilar ƙwai.

Abin da muka tsayar: a fara zuwa wurin Gwaggo kafin kowa.

Asabar, 18 ga Janairu

Gwaggo ita ce babba a cikin magadan da ke raye, kuma ita kaɗai ce har yanzu take kwana a gidan. Mun je mu uku da hantsi, muka durƙusa muka gaishe ta, na kwashe bayani tun daga farko. Na yi ta zuba, tarihi, al'ada, abin da za a nuna wa jikoki. Ta bari sai da na ƙare.

"Malam, ka gama?"

"Na gama, Gwaggo."

"To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Damina uku ina tara kwanuka a soron nan da hannuna. Wa ya taɓa leƙowa a cikinku ya ce Gwaggo ina tsani? Yanzu da kuka ji kuɗi za su shigo hannun marayu, kun tuna da tarihi."

Babu wanda ya iya ɗaga kai. Gaskiya ta faɗa, kuma na rubuta ta yadda ta faɗe ta don kada gobe mu ɗauki kanmu wasu jarumai. A cikin magadan nan akwai zawarawa, akwai mai jinyar ƙoda, akwai yaran da aka koro daga makaranta saboda kuɗi. Mu da muke son soro ba mu da ko taku ɗaya a cikinsa.

Da za mu tafi ta ce mu kawo magini ya duba. "In ya ce zai tsaya, ku dawo mu yi magana. In ya ce ya mutu, ku ƙyale ni da surutu."

Asabar, 1 ga Fabrairu

Samun maginin ƙasa na gaske a Kano yau ya fi yadda na zata wuya. Masu yaɓe suna nan, amma wanda zai kalli baka ya gaya maka lafiyarsa, sai da muka yi mako biyu muna cigiya. Daga ƙarshe aka haɗa mu da wani dattijo da ya gaji sana'ar, 'ya'yansa duk sun koma aikin bulo. Baba muke ce masa.

Da ya zo bai shiga soron ba tukuna. Bayan gida ya fara zagayawa da sandarsa, yana ƙwanƙwasa bango yana kasa kunne. Wani wuri ƙarar a cike take, wani wuri kuma sai ka ji kamar ganga. Ya tsaya a bangon gabas, inda wani ya taɓa yi wa gindin bangon filastar siminti har zuwa ƙugu, ya zura yatsa a wata tsaga ya zaro ƙasa, ya murza, ya shinshina. A jiƙe take, a tsakiyar hunturu.

"Wanda ya yi wannan da kyakkyawar niyya ya yi," in ji shi, "amma ya sa wa bango rigar leda. Ƙasa numfashi take yi. Ta sha ruwa da damina, ta fitar da rani. In ka rufe ta da siminti, ruwan ya shiga ta sama ya rasa ta inda zai fita, sai ya zauna yana cin ta daga ciki. Ka ga waje sumul, ciki kuwa kunu."

Sai aka kawo tsani. Dattijon da ya ba saba'in baya ya hau kamar yaro, ni kuwa ina biye ƙafata na rawa. A sama muka tarar da abin kunya. Indararo biyu ne, duka a toshe, ɗaya da ledoji da busasshen ganye, ɗayan har wata 'yar bishiya ta tsiro a bakinsa. Ruwan damina nawa ya kwanta a nan Allah kaɗai ya sani. Aikin da yaro zai yi cikin minti goma da tsinken kara, shi aka bari har ya kai gidan bakin rushewa.

Hukuncin Baba: bakuna uku lafiyarsu ƙalau, na huɗu ya ɗan zauna amma bai karye ba. Azara 14 sun ruɓe a kusurwar gabas, sai an sauya. A cire simintin, a cike gindin bango da tubali, a sake yaɓe, a yi wa rufi laso, shafen da ke hana ruwa shiga. Duk kafin ruwan farko.

Na tambaye shi, "Baba, zai kai shekara nawa in an gyara?"

Ya ce, "Ɗaya. In kun sake dubawa baɗi, ya ƙara ɗaya. Haka kakanninku suka kai shi yau."

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Yau an yi 'yar hayaniya a zamanmu kan inda za a samo ƙasa. Wani matashi a cikinmu, da zuciya ɗaya, ya ce ai ga badala can, wato ganuwar birni, ƙasarta ta fi kowace kyau, kowa ma ɗiba yake yi da daddare. Sai da aka yi shiru na ɗan lokaci kafin aka fashe da dariya. Mu ci badala don mu ceci soro!

Amma maganarsa ta tsaya mini a rai, da la'asar na ɗauki babur na bi gefen badalar daga Kofar Nassarawa na nufi Gadon Kaya. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, Muhammadu Nazaki ya ƙara a na 17, wadda sai da Turawa suka sa igwa a 1903 kafin su shiga gari. Yau wani wurin tudu ne kawai da awaki ke hawa, wani wurin juji, wani wurin kuma shago ne a kanta ɗungurungum. An sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa da doka ta kare, tun 2007 kuma tana jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tana jiran a duba. Duk wannan bai hana mai amalanke zuwa da shebur ba. Kofar Na'isa kuwa a 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi, wadda muke wucewa ta ciki yanzu ta siminti ce.

Tsofaffi suna cewa a da duk shekara bayan damina ake fita gyaran ganuwa, kowane ɓangare da waɗanda aka ɗora wa. Ranar da aka daina wannan fitar, ranar badala ta fara mutuwa, katafila daga baya ta zo ta tarar da gawa. Ina tsaye ina kallon wata tsaga da ruwa ya yi mata tun daga sama har ƙasa, sai indararon soronmu ya faɗo mini.

An tsayar za a sayo birji, ƙasar gini, daga bayan gari, tifa biyu.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Mun je wani ofishi da aka ce su ke da ruwa da tsaki a irin wannan. An karɓe mu da mutunci, an ba mu kujera. Taƙaitaccen bayani: dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa tana kare abin da aka ayyana ne, irin su Gidan Makama. Gidan wani falke a lungu dukiyar magada ce, in sun so su rushe gobe. Aka ce mu rubuto takarda. Mun rubuta, mun kai.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Zama da magada a ƙofar gidan mai unguwa, daga bayan la'asar har aka kira magariba. Wannan shi ne zama mafi nauyi tun da muka fara.

Babban ɗan namiji a gidan, wanda ke zaune a Abuja, ya zo a fusace. Ya ce shekara da shekaru suna neman yadda za su rabu da rigimar gidan nan, yanzu da Allah ya kawo mai saye sai maƙwabta su tsoma baki. "Ranka ya daɗe, in suna so su saya. In ba su da kuɗi su ba mu wuri." Ban ji haushinsa ba ko kaɗan.

Limaminmu ne ya warware wani abu da ni kaina ban sani ba. Wasu a cikinmu sun zo da tunanin wai maƙwabci yana da haƙƙin a fara yi masa tayi. Liman ya ce a mazhabar Malikiyya shuf'a ta abokin tarayya ce a dukiyar da ba a raba ba, maƙwabci ba shi da ita. Wato mu ba mu da ƙafar tsayawa. Amma idan wasu magada suka sayar da rabonsu ga bare, wanda bai sayar ba a cikinsu yana da ikon karɓar wannan rabon a kan kuɗin da aka yi ciniki. Ya kuma ce duk wanda ya mallaki rabonsa yana iya yin wakafi da shi. Na lura Gwaggo, da ke zaune daga cikin zaure bayan labule, ta sa aka maimaita mata wannan maganar ta ƙarshe.

Abin da aka rubuta aka sa hannu: za a fitar da soron da ɗan filin gabansa daga cinikin har zuwa ƙarshen Oktoba. Sauran gidan su sayar abinsu. Mu za mu gyara soron da kuɗinmu, ba za mu nemi a biya mu ba ko me ya faru. In Oktoba ta ƙare, ko mu kawo kuɗin soron yadda masu kimantawa suka yanke, ko mu janye. Wakilin mai saye bai so ba, ya ce soron ya tsaya masa a kusurwar da ya yi niyyar matakala. Mai unguwa ya ce masa, "Alhaji, matakala ai ba ta rasa wurin zama."

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya kai rabi. Aiki sai bayan asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan asham.

An jiƙa birji, an zuba ciyawa da kashin doki, yara suna cuɗawa da ƙafa. Ni na ɗauka a ranar za a fara aiki da ita, Baba ya ce a rufe a bar ta ta kwana biyu, a sake jiƙawa a sake takawa, haka har sai ta ruɓa ta yi danƙo. Warin kuwa ba a magana, matan lungu sun yi ta mita. Tubali da hannu ake mulmula shi, gindi mai faɗi kai a tsuke, a jera a rana. Nawa guda biyar na farko Baba ya ɗaga ya duba ya mayar cikin kwaɓi bai ce komai ba. Yaran da nake koyarwa a aji suna wurin, sun ga komai.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Laifina ne, kuma zan rubuta shi.

Baba ya tafi ƙauye hutun salla. Kafin ya tafi ya ce a riƙa ɓamɓare simintin bangon gabas kaɗan-kaɗan, kamu ɗaya a cike da tubali, a bari ya sha iska, sannan a matsa gaba. Jiya matasa sun taru da yawa, ga ƙarfi ga zumuɗi, na ga kamar asara ce a sallame su. Na ce a cire duka a huce. Kafin azahar mun gama muna ta murna. Da la'asar sai muka ji rugugi, wani ɓangare na fuskar bangon, faɗinsa ya kai tabarma, ya zubo ƙasa. Ashe simintin da ya cuci bangon shi ne kuma yake riƙe da shi. Allah ya kiyaye babu kowa a wurin, akuyar Gwaggo ce kawai ta tsallake rijiya da baya.

Da Baba ya dawo yau ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malam, a makarantarku ma haka kuke yi, ku ba yaro littafin shekara ya haɗiye rana ɗaya?" Aka tokare bangon da itace. Mun yi asarar aƙalla mako biyu.

Asabar, 26 ga Afrilu

Maganar azara. Daga giginya ake fasa ta, kuma Baba ya nace sai ta namijin giginya wadda ta tsufa, ita ce mai baƙin jiki da nauyi, wadda gara ba ta iya ci. Ya ce azara ba ta son a ba ta tazarar da ta wuce taku shida ba tare da matallafi ba, shi ya sa magabata suka ƙirƙiro baka da tauyi, wato azarar da ake turowa daga bango ta tallafi ta rufi, don ɗaki ya yi faɗi. Sababbin da muka gani a kasuwa yawancinsu farare ne, marasa ƙwari, ga tsada.

Inda muka samu masu kyau shi ne wurin masu sayar da kayan rusau. Wani tsohon gida aka baje a wata unguwa cikin birni, aka tara azararsa ana sayarwa, wasu ma masu gidan burodi ke saye su yi makamashi. Baba ya zaɓi 16, yana ɗaga kowace yana buga ta da ƙasa yana jin amonta. A jikin ɗaya akwai sauran farar ƙasa da shuɗi na adon ɗakin da ta fito. Na biya kuɗin raina babu daɗi, kamar mai sayen kayan mamaci a ranar jana'iza.

Asabar, 17 ga Mayu

An sauya azara, an shimfiɗa zana a kai, an bi da ƙasa. Yanzu laso.

Ban taɓa sanin cewa rufin soro yana da alaƙa da marina da majema ba sai a aikin nan. Laso abu uku ne. Katsi, wato dattin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, a kwashe a busar a ƙona a daka. Gashin da majema suke kankarewa daga fata. Sai dafara, wata saiwa da ake dakawa a jiƙa ta yi yauƙi. In an haɗa an shafe rufi ya bushe, ruwa sai dai ya gangara. Katsin daga Kofar Mata muka samo, marinar da ake cewa tun 1498 take. Rijiyoyi da yawa a can yanzu babu mai aiki a cikinsu, sai da muka yi zuwa uku kafin a tara mana abin da zai isa. Wani dattijon marini ya tambaye ni me za mu yi da shi, da na gaya masa sai ya ce rabon da wani ya zo neman katsi don rufi har ya manta. Ashe in marina ta mutu, soro ma ya rasa hularsa.

Bangon waje kuma makuba za a shafa masa, ruwan ɓawon ɗorawa, shi ke ba shi wannan ja-ja-baƙin launi. An gyara zankwaye biyu da suka gutsure. An sa sababbin indararo masu tsawo don ruwa ya faɗi nesa da gindin bango.

Kuɗi: abin da ke shigowa daga ɗari biyar ne, dubu ɗaya, wani lokaci wani ɗan unguwa da ke Legas ko Saudiyya ya turo mai kauri. Matan lungu sun ware mana kwasa ɗaya a adashinsu, su da suka fi kowa mitar wari. Na gyara yana isa da ƙyar. Na sayen soron kuwa ko kashi ɗaya cikin biyar ba mu haɗa ba.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ruwa mai ƙarfi daren jiya, da iska daga gabas kamar kullum. Mu huɗu muka kwana a soron da tocila, kowa ya kama kusurwa yana haska sama. Babu ɗigo ko ɗaya. Da asuba Gwaggo ta aiko yarinya da kwanukan nan nata guda uku da take tara ruwa, cike da koko, ta ce a gaya wa Malam sun yi ritaya.

Lahadi, 17 ga Agusta

Mako mai wuya. Bayan ruwan kwana biyu a jere, shigifar da ke bayan soron, wadda ba ta cikin yarjejeniyarmu kuma ba mu taɓa ta ba, ta rufta da tsakar dare. Ba a rasa rai ba. Amma da gari ya waye lungu ya rabu biyu. Masu gidan da ke jingine da soron suka zo wurin mai unguwa suka ce a rushe shi tun bai kashe musu yara ba. Wani ya tuna wa mutane abin da ya faru a babban masallacin Zariya ranar 11 ga Agusta 2023, da wani sashe ya rufto kan masallata ana sallar la'asar, mutane suka rasu. Masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda duk maginin Hausa ke alfahari da shi. In wannan zai iya, in ji su, wane ne soron falke?

Ba ni da amsar da ta fi tsoronsu ƙarfi, kuma ban yi ƙoƙarin kawo ta ba. Wanda ɗansa ke kwana a gindin bango ba ya son jin tarihi. Abin da muka yi shi ne muka kira Baba da wani injiniya ɗan unguwa, suka duba a gaban kowa. Baba ya liƙa 'yar ƙasa a kan tsagar bakan nan na huɗu ya ce a zuba ido, in ta tsage to bakan yana motsi, shi da kansa zai ce a sauke rufin. Injiniyan ya yi dariya ya ce su ma haka suke yi, da gilashi ko filasta. Muka kuma ɗauki nauyin kwashe ɓaraguzan shigifar da buɗe wa ruwa hanya, don ya daina kwanciya a bayan soron.

Wani abokina da ya yi aiki a Nijar ya ce abin da ya gani a Agadas, wadda UNESCO ta sa tsohon garinta cikin kayan tarihin duniya a 2013, shi ne itatuwan nan da suka fito daga jikin hasumiyar masallaci ba ado kawai ba ne, matakan masu yaɓe ne. Tun ranar gini aka yi wa mai gyara tanadin wurin taka ƙafa. A Jenne ta ƙasar Mali kuma yaɓen masallaci biki ne na gari duk shekara. Mu a nan mun bar wa tsohuwa ɗaya da kwanuka uku.

Asabar, 20 ga Satumba

Ƙasar da Baba ya liƙa ba ta tsage ba. Kullum da safe sai na leƙa kafin in tafi makaranta, har maƙwabcin da ya fi kowa ɗaga murya ran nan na tarar da shi yana dubawa da fitilar wayarsa.

An fara karatun dare na yara a soron, Litinin zuwa Laraba. Baba ne ya ba da shawarar, ya ce ɗakin da ba a shiga shi ke fara mutuwa, don babu mai ganin ɗigon farko.

Daga ofishin nan har yau shiru.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Wa'adi ya cika ran Juma'a. Kuɗinmu bai kai rabi ba, haka muka je gaban mai unguwa jiya muka faɗa ba tare da kwana-kwana ba.

Gwaggo ta sa aka kira liman da shaidu biyu, ta ce rabonta na soron ta yi wakafi da shi don karatun yara. Ƙanwarta da ke aure a Gwarzo ta aiko cewa ita ma haka. Rabon mace rabin na namiji ne, don haka su biyun ba su rinjayi komai ba, amma ciniki ya sauya fuska, domin mai saye ba ya son wurin da ke da wakafi a cikinsa. Babban ɗan ya fita daga zaman bai yi sallama ba. Da daddare ya kira ni a waya, na ɗauka zagi zan sha. Ya ce, "Malam, ni ba maƙiyin gidan ubana ba ne. Ina da marayu bakwai a wuyana." Ya ba mu zuwa ƙaramar salla mu biya rabon sauran, kashi-kashi in mun so, amma a rubuce. Biyu daga cikin magada ba su yarda ba tukuna, ɗaya yana maganar kotu.

An fara rushe cikin gidan ranar Litinin. Mun roƙi mai saye kada katafila ta matso kusa da bangon soron, a sauke abin da ke jikinsa da hannu, ya amince in mu za mu biya leburori. Mun kuma roƙi duk azarar da ta fito daga shigifa.

Ran Asabar mai zuwa za a hau rufi a share indararo a duba abin da damina ta yi wa laso. Baba ya ce shi ba zai hau ba wannan karon, zai zauna a ƙasa, yara biyu da suka fi naci a wurin kwaɓa su hau su sauko su gaya masa abin da suka gani. Ana bukatar tsani mai tsawo, namu ya karye a Agusta.